BABI NA BIYU: TARIHIN TUƘIN MANYAN MOTOCI A ƘASAR WUDIL DA GARGAƊIN DA DIREBOBI SUKA GADA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin manufar wannan nazari da kuma farfajiyarsa. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bin diddigin sana'ar tuƙin manyan motoci masu cin dogon zango, tun daga zamanin fatake har zuwa yau, tare da mayar da hankali a kan ƙasar Wudil inda Ɗankaza take. Abin da babin yake son ya tabbatar shi ne, kowane gargaɗi da tsohon direba yake yi wa yaronsa akwai zamanin da ya haife shi, akwai kuma asarar dukiya ko ta rai da aka yi kafin a gane shi. Saboda haka za a fara da tarihin hanya da na mota, sa'an nan a dubi yadda ake koyon sana'ar, daga nan a kawo gargaɗin ɗaya bayan ɗaya tare da dalilinsa.

2.1 Ƙasar Wudil da Hanyar Gabas

Ɗankaza ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil ta Jihar Kano. A tarihi, Wudil ƙasar Makaman Kano ce, wato ta Fulani Joɓawa. Garin yana bakin babban kogin nan da ake kira Kogin Wudil, wanda ruwan Kogin Kano da na Calawa suke haɗuwa su samar, ya gangara ya nufi Haɗeja. Tsakanin Wudil da birnin Kano akwai tazarar kimanin kilomita 40.

Muhimmancin Wudil ga wannan nazari ya ta'allaƙa ne a kan abubuwa biyu. Na farko shi ne mashigi. Duk mai son ya tashi daga Kano ya nufi Birnin Kudu da Azare da Fataskum da Damaturu har Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 600, a Wudil yake ƙetare ruwa, a da ta hanyar fito, yanzu kuma ta kan gada. Na biyu shi ne kasuwar kara da take ci ranar Juma'a, wadda take cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar Hausa. A ranar kasuwa ana loda shanu a tireloli zuwa Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal. Ke nan yaron da ya tashi a Ɗankaza ko Utai ko Darki ko Indabo ya tashi ne yana ganin babbar mota, kuma idan damina ta wuce aka gama girbi, bin mota yana daga cikin hanyoyin cin rani mafi kusa da shi.

2.2 Daga Madugu zuwa Direba

Kafin zuwan Turawa, jakai da takarkarai da raƙuma da kuma kawunan 'yan alaro su ne motocin ƙasar Hausa. Fatake sukan haɗu su yi ayari, su tafi Gwanja sayen goro, ko Borno neman kanwa. Masanin tarihin nan Paul Lovejoy, a littafinsa Caravans of Kola na 1980, ya yi bayanin yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka shahara a fataucin goro, da kuma yadda ayari yake da tsari. Madugu shi ne shugaba, akwai jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da masauki, akwai uban dawaki, akwai kuma malamin ayari. Tafiyar Gwanja takan ci watanni da yawa kafin a dawo gida.

Abin lura a nan shi ne, ba a zama madugu da rana tsaka. Sai mutum ya yi shekaru yana bin ayari a matsayin yaro, ya san inda ruwa yake, ya san zangon da ake kwana da wanda ba a kwana, ya san sarkin da ake biya kuɗin fito da dajin da 'yan fashi suke tare hanya. Har ila yau, dukiyar da yake jagoranta yawancinta ta wasu ce, don haka amana ita ce jarinsa. Idan aka duba da kyau za a ga waɗannan abubuwa uku, wato daɗewa ana koyo, da sanin zango, da riƙon amana, su ne sana'ar tuƙi ta gada. Kalmomin ma ba su sauya ba, domin har yau direba yakan ce ya ya da zango, ko kuma motoci sun tafi a ayari.

2.3 Zuwan Jirgin Ƙasa da Mota, 1911 zuwa 1960

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a shekarar 1911, kuma tun daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe yadda Turawan kansu ba su zata ba. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda asalinsu fataken goro ne, suka juya suka zama masu sayen gyaɗa suna sayar wa kamfanonin Turawa. Sai dai jirgi a kan dogo kawai yake tafiya. Dole a sami abin da zai kwaso gyaɗa daga ƙauyuka ya kawo ta bakin tasha. Da farko jakai da raƙuma ne suka yi wannan aiki, daga baya a cikin shekarun 1920 da 1930 mota ta fara karɓa sannu a hankali.

A nan ne matsayin Wudil ya fito fili. An kai dogo Ƙaurar Namoda a 1929, an kai Nguru a 1930, amma bai isa Maiduguri ba sai a 1964, kuma ko a lokacin ta Bauchi da Gwambe ya bi. Wato ke nan hanyar da ta ratsa Wudil ba ta taɓa samun jirgi ba. Duk kayan da za su bi ta, a kan dabba ko a kan taya za su bi.

Hanyoyin wancan zamani na burji ne, waɗanda En'e take gyarawa bayan kowace damina. Motocin kuwa, irin su Bedford da Austin, gangar jikinsu ta katako ce, ba su da ƙarfin birki sosai, kuma babu gareji sai a manyan garuruwa. Direban da motarsa ta mutu tsakanin Wudil da Birnin Kudu, shi ne bakaniken kansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, sojojin da suka dawo daga Bama, waɗanda wasunsu suka koyi tuƙi da kanikanci a soja, sun ƙara yawan direbobi. A cikin shekarun 1950, lokacin da dalar gyaɗa take tsaye a Kano, attajirai irin su Alhaji Sanusi Ɗantata sun mallaki manyan motoci masu yawa don jigilar gyaɗa da sauran kaya.

Duk da haka, jama'a ba su ɗauki sana'ar da daraja ba a farkon al'amari. Ana ganin mai bin mota a matsayin ɗan bariki wanda ya guje wa gona da makarantar allo. Sunan da aka laƙaba wa mai koyo, wato karen mota, ya isa shaida. Wannan hali ne ya sa Waƙar Karen Mota ta Ɗanmaraya Jos ta yi farin jini, domin ta waiwayi mutumin da ba a saba yi wa waƙa ba.

2.4 Bunƙasar Sana'ar, 1966 zuwa 1986

Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka ɗaga sana'ar a wannan tsakani. Na farko, rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun sa direbobi da kanikawa da ma'aikatan jirgi 'yan asalin Gabas da yawa sun bar Arewa, sai 'yan ƙasa suka shiga gurbin da aka bari. Na biyu, harkar jirgin ƙasa ta fara ja da baya, kayan da a da jirgi yake ɗauka, har da shanu, suka koma kan titi. Na uku, kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sa an shimfiɗa kwalta an kuma shigo da kaya masu yawa ta tashar jiragen ruwa ta Apapa, waɗanda dole a hau da su Arewa. Na huɗu, tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 an buɗe masana'antun haɗa manyan motoci a cikin ƙasa: NTM a Kano mai haɗa Fiat, da Steyr a Bauchi, da Leyland a Badun, da ANAMMCO a Inugu mai haɗa Marsandi. Zamanin Roka da gingimari da tirela ke nan.

Wani babban al'amari na wannan lokaci shi ne canjin hannu. A ranar 2 ga Afrilu, 1972, a zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta daina bin hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama irin na maƙwabtanta rainon Faransa. Tsofaffin motoci masu sitiyari a dama suka wayi gari direbansu yana zaune a gefen daji, ba ya hango mai tahowa idan zai wuce wata mota. Sai yaron mota da yake zaune a hagu ya zama idon maigidansa. Wannan ya nuna irin dogaron da yake tsakanin mutanen biyu.

Gyaɗa kuwa, farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa mata a 1975 sun karya ta, dala ta ɓace. Amma mota ba ta rasa kaya ba, domin shanu da hatsi da albasa da tumatir sun ci gaba da gangarawa Kudu, goro da manja da siminti da man fetur suna hawowa. A 1978 aka kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wato NURTW, wadda ta karɓi tsarin tasha da layin lodi.

2.5 Karen Mota: Makarantar Direba

A bisa al'ada, uba ko yaya ne yake kai yaro wurin direban da ya yarda da halinsa, ya damƙa masa shi amana. Daga ranar, direban ya zama maigida. Aikin yaro na farko shi ne wankin mota, da ɗebo ruwa, da sayo abinci, da gadin kaya idan maigida ya shiga gari. A ƙarƙashin mota ko a kan kaya yake kwana. Idan mota ta tsaya a hawa, shi ne zai diro da gudu ya sa weji a bayan taya don kada ta gangara.

Mataki na biyu shi ne sanin jikin mota: ɗaura tamfol, da ɗaurin igiya, da cire taya da mayarwa, da duba baƙin mai da ruwan lagireto, da miƙa wa bakanike sifana yana kallon abin da yake yi. Sai a mataki na uku ne ake barinsa ya tayar da mota da safe, ya matsa da ita a cikin tasha, ya koyi ja da baya, wanda shi ne mafi wuya a tirela saboda bodi yana juyawa ne saɓanin inda aka karya sitiyari. Daga nan sai a ba shi tuƙi da rana a miƙaƙƙiyar hanya, mota babu kaya, maigida yana gefe. Wannan tafiya takan ci shekaru. Idan maigida ya gamsu, shi ne zai taimaka masa ya yi lasin, ya kuma tsaya masa wurin mai mota.

Hikimar wannan tsari ita ce, kafin yaro ya riƙe sitiyari ya riga ya bi hanyar sau da yawa, ya ga haɗari da idonsa, ya taimaka an ciro gawa daga cikin ƙarfe. Tsoron hanya ya shige shi tun kafin daɗin gudu ya shige shi.

2.6 Gargaɗin Direbobi da Asalinsu

2.6.1 Lafiyar mota

Gargaɗi na farko shi ne kada a tashi sai an zagaya mota. Ana duba baƙin mai da ruwa da fitilu da ƙusoshin taya, a bubbuga kowace taya a ji sautinta. Wannan ɗabi'a ta samo asali ne daga zamanin burji da babu gareji, amma ta ƙara muhimmanci bayan 1986, lokacin da shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya karya darajar naira. Sabuwar mota ta gagari yawancin masu sufuri, sai aka koma ga tsofaffin motoci da kayan gyara na hannu da ake shigowa da su daga Turai, irin waɗanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa.

Birkin babbar mota da iska yake aiki. Saboda haka ba a motsawa sai agogon iska ya cika, kuma ana buɗe tankin iska a zubar da ruwan da yake taruwa a ciki. Taya kuwa tana da ranar haihuwa, wato lambobi huɗu da suke jikinta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai goge ba, zafin kwalta na watan Maris zuwa Mayu yana iya fasa ta, kuma fashewar tayar gaba a mota mai kaya ba kasafai ake shawo kanta ba. Idan mota ta mutu a kan titi, musamman da dare, wajibi ne a sa alama tun daga nesa. Ganyen da aka saba jerawa ba ya haske, don haka alamar nan mai kusurwa uku ta fi shi, kuma idan an gama gyara sai a kwashe ganye da duwatsun da aka sa.

2.6.2 Lodi

Hausawa suna cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Lodin da ya wuce ƙima yana tsawaita tazarar da mota take buƙata kafin ta tsaya, yana karya sifirin, yana kuma kashe titi. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, a kuma raba su daidai, domin motar da nauyinta ya taru a sama ita ce take kifewa a kwana. Lodin shanu irin na kasuwar Wudil yana da nasa ilimi. Dabbar da ta faɗi a cikin mota 'yan uwanta za su tattake ta, don haka ake tafiya da masu kula da su, ake kuma guje wa taka birki da ƙarfi. Ɗibar fasinjoji a ɗora a kan shanu ko a kan buhuna don neman na cefane kuwa, shi ne dalilin da ya sa haɗarin tirela guda yakan ci rayuka masu yawa, kuma hukuma ta hana shi.

Tankar mai ta fi kowace haɗari, saboda ruwa yana tangaɗi a cikinta, ya tura mota gaba idan an taka birki, ya jefa ta gefe idan an sha kwana. A ranar 15 ga Oktoba, 2024, wata tanka ta faɗi da dare a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. A watan Janairun 2025 irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, inda aka rasa sama da mutum 80. Bayan wannan ne gwamnati ta hana lodin tankoki masu cin lita 60,000 daga ranar 1 ga Maris, 2025. Darasin da direba zai ɗauka shi ne, idan tanka ta faɗi, ya kashe inji, ya kori jama'a nesa, ya kira 'yan kwana-kwana da 'yan sanda, ya bar maganar dukiya sai daga baya.

2.6.3 Gudu da gangare

Tsofaffin direbobi sukan ce giyar da aka hau tudu da ita, da ita ake sauka. Dalili kuwa shi ne, idan aka dogara da birki kaɗai a dogon gangare irin na Hawan Kibo da yake hanyar Jos zuwa Akwanga, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Ƙaramar giya takan sa inji ya riƙe mota. Mafi muni shi ne cire giya a saki mota a gangare don tsimin gas, domin a lokacin inji ba ya riƙe komai, kuma mayar da giyar yakan gagara. Tsadar gas ta ƙara jawo wasu ga wannan ɗabi'a.

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a watan Fabrairun 1988, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Dokokin hanya sun ƙayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 45 a awa a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Daga ranar 1 ga Fabrairu, 2017, hukumar ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Wannan doka ta zo daidai da abin da magabata suka faɗa, wato sauri ya haifi nawa. A garuruwan da kasuwa take cin titi, kamar Wudil ranar Juma'a, ko gudun da doka ta yarda da shi ma ya yi yawa.

2.6.4 Barci da ƙwaya

Tafiyar Kano zuwa Ikko ta haura kilomita 1,000, kuma mai tumatir ko mai shanu kullum yana matsa wa direba lamba, domin kowace awa asara ce gare shi. Direbobin da sun dogara ne da goro da shayi. Daga baya aka shiga shan gadagi da ƙwayoyi, har aka kai ga tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana a watan Mayun 2018. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta daɗe tana wayar da kai a tashoshin mota a kan wannan. Ƙwaya tana buɗe ido ne kawai, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta gaji, sai mutum ya yi barci idonsa biyu. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne. Maganinsa guda ne, a sami wuri mai aminci a kwanta. Hukumar FRSC tana ba da shawarar a huta aƙalla minti 15 bayan tuƙin awa huɗu. Direban da yake tsayawa salla a kan lokaci, ya yi alwala ya miƙe ƙafa, yana samun irin wannan hutu ba tare da an tilasta masa ba.

2.6.5 Zango da tsaro

Kamar madugu, direba yana tsara tun daga gida inda rana za ta faɗi masa. Akwai wuraren da manyan motoci suka saba ya da zango, irin su Mararrabar Jos da Tafa da Ogere da Fataskum. A nan ake samun abinci da mai faci da bakanike da labarin hanya. A nan ne kuma ake samun abin da yake cinye kuɗin direba da lafiyarsa. Tun da aka ba da rahoton ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, masu aikin lafiya suka sa direbobin dogon zango a cikin waɗanda suka fi shiga haɗari, kuma abin da direba ya ɗauko a zango iyalinsa yake kai wa.

Ta fuskar tsaro, rikicin Boko Haram ya sauya hanyar Gabas tun daga 2009, 'yan bindiga kuma suka addabi hanyar Birnin Gwari. A daren 9 ga Fabrairu, 2020, an kai hari a garin Auno kusa da Maiduguri a kan matafiyan da dare ya yi musu bayan an rufe ƙofar shiga gari. An kashe kimanin mutum 30, an ƙone motoci. A watan Fabrairun 2021 kuma, bayan rikicin kasuwar Sasa ta Badun, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Waɗannan sun farfaɗo da tsofaffin ƙa'idojin fatake: a tambayi mai fitowa labarin hanya, a tafi a ayari, a san lokacin da ake rufe hanya, kada kuma a tanka wa mai neman faɗa a garin da ba a da kowa.

2.6.6 Amana da takardu

Motar ta wani ce, kayan ma na wani ne. Direban da ya sayar da gas ɗin mota, ko ya rage buhu a hanya, labarinsa yakan riga shi isa tasha, kuma da wuya wani mai mota ya sake ba shi makulli. Don haka ake gargaɗin a ƙirga kaya a gaban mai su, a karɓi takardar kaya, a rubuta abin da aka kashe a hanya. Haka kuma lasin ya dace da motar, domin tirela tana da nata aji, wato ajin G. Takardun mota da inshora da abin kashe gobara su kasance a cike, saboda jami'an FRSC da na VIO da kuma na KAROTA, wadda Jihar Kano ta kafa a 2012. Mai cikakkun takardu da sanyin baki ya fi saurin wuce shinge. Daga ƙarshe akwai gargaɗin tanadi, domin sana'ar ba ta da fansho, kuma ido da baya suna gajiya. Direban ƙauye mai hankali ba ya sayar da gonarsa.

2.7 Halin da Koyon Sana'ar Yake Ciki

A 2006 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, inda kashi na farko, daga Kano zuwa Wudil zuwa Shuwarin, ya faɗa hannun kamfanin Dantata & Sawoe. Motocin ma sun sauya, DAF da MAN da Howo ta ƙasar Sin sun maye gurbin Roka, sun fi ta ƙarfi da gudu da sauƙin sarrafawa. Wayar hannu ta sa direba yana jin labarin hanya nan take, ko da yake ita ma ta zama abin ɗauke hankali a kan sitiyari.

Sai dai wannan sauƙi ya zo da nasa cikas. Motar da take da sauƙin tuƙi takan sa yaro ya ga kamar ya iya tun bai san hanya ba. Matsin rayuwa ya sa matasa ba sa jure shekarun koyo, wasu iyayengida kuma sukan miƙa wa yaro mota da tsakar dare don su yi barci, wato a daidai lokacin da hanya ta fi haɗari. Makarantun koyon tuƙi da dokokin hukuma suna koyar da alamomin hanya da ƙa'idar gudu, kuma suna da amfani ƙwarai. Amma sanin kwanar da take kayar da mota, da zangon da ba a kwana, da yadda ake magana da mai kaya, har yanzu a bakin maigida ake samunsu.

2.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda sana'ar tuƙin manyan motoci ta gaji fatauci, da yadda rashin dogo a hanyar Gabas da kasuwar kara suka sa ƙasar Wudil ta zama ta mota. An kuma bi matakan da karen mota yake bi kafin ya zama direba, sa'an nan aka kawo gargaɗi shida tare da abin da ya haifar da kowanne. Abin da ya fito fili shi ne, waɗannan gargaɗi ba a rubuce suke ba, daga baki zuwa baki suke tafiya, kuma duk lokacin da aka gajarta zaman yaro a wurin maigidansa wani ɓangare nasu yana salwanta. Wannan ne ya sa babi na uku zai dubi harshen da ake isar da su da shi, wato sara da karin magana da kirarin da direbobi da yaransu suke amfani da su a tasha da kan hanya.